Wayata tana zafi a gona, bayanta ya fara ɗagawa: me zan yi?

Tambayar ta fito ne daga wani manomin rani a wani ƙauye da ke yankin Auyo. Ya ce wayarsa ba ta cika shekara biyu ba, amma tun shigowar bazara ta koma kamar garwashi a aljihu. Cajin da a da yake kai shi kwana da yini, yanzu kafin la'asar ya ƙare, kuma murfin bayanta ya fara ɗagawa ta gefe ɗaya. Shagon mai caji yake kai ta da hantsi, ya karɓo bayan magariba. Wani abokinsa ya ce ya riƙa jefa ta cikin kular mai ƙanƙara, ko ya ɗora ta a kan randa idan ta yi zafi. Yana so ya san ko shawarar ta yi, da kuma yadda zai kare batir a irin wannan lokaci.

Wa alaikumus salam Malam, sannu da aiki, ya zafi? Allah ya sa a girbe lafiya.

Zan fara da abin da ba ya jira. Murfin nan da ka ce ya ɗaga, ba gam ba ne ya saki. Batirin ne ya kumbura yake turo shi daga ciki. Tun da na koyi gyaran waya a Farm Centre da ke Kano na dawo gida na kafa teburina, da wuya a kawo mini waya mai ɗagaggen baya in buɗe in tarar da wani dalili dabam. Batirin da ya kumbura kuwa ya gama aikinsa, babu abin da zai dawo da shi. Daga yau kada ka ƙara sa wa wayar nan caji. Kashe ta, ka ajiye ta a kan siminti ko a cikin wani tsohon kwano, nesa da katifa da zana da buhunan shinkafa, har ka samu shigowa gari a canza. Kada ka danne murfin da hannu don ya koma, kada ka ɗaure shi da roba, kuma duk wanda ya ce maka a huda batirin da allura iskar ta fita, ka karɓi wayarka ka yi gaba. Na san akwai masu yin haka a kasuwannin ƙauye, kuma sau da yawa suna tsira. Ranar da allurar ta wuce inda suka nufa, wuta ce za ta tashi a hannunsu.

To, me ya kumbura shi? A nan ne nake so ka ba ni hankalinka, domin idan aka sa maka sabo ka ci gaba da yadda kake yi, baɗi war haka muna nan a kan wannan maganar.

Batirin wayar zamani ana ce masa lithium-ion. Idan ka warware shi za ka ga wasu siraran fallaye biyu ne dogaye aka naɗe kamar tabarma, a tsakaninsu akwai wata leda da ba ta kai kaurin gashin kai ba, wadda aikinta shi ne hana su taɓa juna. An jiƙa su duka da wani ruwan sinadari mai kama wuta, aka rufe a cikin jaka mai kamar ledar madara. Lokacin caji, ƙwayoyin lithium suna ratsa ruwan nan su taru a falle ɗaya, lokacin amfani kuma su dawo. Wannan kai da komowar ita ce dukan aikin batir. Matsalar ita ce ruwan nan da fallayen suna cin juna a hankali ko da wayar tana ajiye, kuma zafi yana hanzarta cin. Masu ilimin sinadarai suna da wani kwatance da suke yi, cewa ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Idan ruwan ya lalace yana fitar da iska, iskar kuma ba ta da mafita a cikin rufaffiyar jaka. Kumburin da ka gani ke nan. Sannan duk ƙwayar lithium da ta maƙale a cikin wannan dattin ta fita daga aiki har abada, shi ya sa cajinka ya daina kai ka yamma. Sanyin da zai zo daga baya ba ya mayar da abin da zafi ya riga ya ci.

Kamfanin Apple ya rubuta cewa an ƙera wayoyinsa su yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, kuma inda batir ya fi jin daɗi shi ne tsakanin 16 da 22. Sauran kamfanoni ma iyakarsu ba ta yi nisa da wannan ba, tunda sinadarin kusan iri ɗaya ne, ko Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung. Mu kuwa a ƙasar Haɗeja, a watannin Afrilu da Mayu, ma'auni yana haura 40 a inuwa. Jikin mutum kansa 37 ne. Ke nan tun kafin ka kunna komai, wayar da ke aljihunka ta riga ta tsallake iyakar da masu ita suka yanka mata. Ba za mu iya rage zafin gari ba. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu ƙara mata wani a kai.

Zafin da ke dafa waya daga wuri uku yake zuwa: na rana, na caji, da na aikin da wayar take yi. Kowanne shi kaɗai batir yana iya jure shi. Haɗuwarsu ce take kisa, kuma a labarinka inda suke haɗuwa ba gona ba ne, shagon caji ne. Na san ba haka ka zata ba.

Duba yadda abin yake. Ka kai waya da hantsi. Shagon kwano ne sama da gefe, ƙarami, ga inji yana huci a bakin ƙofa. An jera wayoyi hamsin ko fiye a kan katako, wata kan wata, kowace tana fitar da nata zafin, ga kawunan caja su ma sun yi zafi a kusa da su. Wayarka tana cikin rigarta ta roba mai kauri. Cikin awa biyu ko uku ta cika. Daga nan kuma sai ta zauna a cike maƙil, a jone, tun azahar har magariba, a lokacin da kwanon nan ya fi kowane lokaci gashi. Batir kuwa babu yanayin da ya fi cutar da shi kamar ya kasance a cike ɗari bisa ɗari kuma cikin zafi, domin a lokacin ne ƙarfin wutar da ke cikinsa ya kai ƙololuwa, ruwan nan ya fi saurin rubewa. Batirin da ke rabi yana jure zafin da cikakke ba zai jure ba. Awa biyar a haka, kullum, wata uku na bazara. Ba sai an yi dogon lissafi ba.

Ba laifin mai shago nake gani ba, neman halalinsa yake, kuma ba don shi ba da rabin ƙauyukanmu babu mai waya a kunne. Amma kai ne mai kaya, kai za ka sauya tsari. Idan yana tayar da inji da dare, kai wayar bayan isha'i ko da sassafe bayan asuba, ka karɓe ta da zarar ta yi. Kafin ka miƙa ta, zare mata riga ka sa a aljihu, ka kashe ta gaba ɗaya, tunda ba amsa kira za ta yi a can ba. Wayar da ke kashe tana shan caji da ƙarancin zafi. Ka roƙe shi ya ajiye taka a ƙasa-ƙasa ita kaɗai, kada a ɗora mata wata, kuma ya zare ta in ta kai 80 ko 85 cikin 100. Zai yiwu ya yi maka kallon mai fi'ili, amma idan ka ce masa kuɗinsa ba zai ragu ba, zai yarda. Wasu wayoyin ma suna da wurin da ake saita wannan a sashen batir. Samsung na da shi, iPhone ta 15 zuwa sama na da shi, wasu sababbin wayoyin sauran kamfanoni ma sun fara zuwa da shi. Ka sa wani yaro mai ido ya duba maka. In akwai, a kunna, wayar da kanta za ta tsaya.

Idan kuwa shagon na sola ne, to a nan akwai cikas na gaske, domin wutarsa ta fi ƙarfi daidai lokacin da rana ta take, wasu ma ba su da batirin ajiya da zai kai su dare. Abin da nake ba mutane shawara shi ne su sayi fawa bank mai kyau, wato batirin ajiyar wuta da ake yi wa waya caji da shi, shi za a riƙa kai wa shago da rana, da dare kuma a ɗura wa waya daga jikinsa a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Shi ma fawa bank batirin lithium ne, zafi zai ci shi, amma canza shi ya fi sauƙi da araha a kan a yi ta buɗe waya. Masu ɗan ƙaramin faifan sola na gida kuma, na sha ganin an jingina faifan a rana an cusa wayar a bayansa wai tana inuwa. Taɓa bayan faifan nan da azahar ka ji. A nemi doguwar igiya, faifai a rana, waya a cikin ɗaki. In da hali ɗakin ƙasa, domin ginin ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin kwano sanyi nesa ba kusa ba, kakanninmu sun san abin da suke yi.

Akwai wani abu da mutanen birni ba su cika sani ba, mu kuwa shi ne rabin matsalarmu: ƙarancin sabis. Waya magana take yi da turken sadarwa. Idan turken yana kusa, raɗa take yi. Idan yana nesa, kamar yadda yake a yawancin gonakin fadama, dole ta ɗaga murya, wato ta ƙara ƙarfin wutar da take aikawa, ta yi ta laluben turke ba hutu. Shi ya sa za ka ga waya tana aljihu ba a taɓa ta ba amma ta yi ɗumi, caji yana zuba. Idan da layi biyu a ciki, aikin ya ƙaru. Saboda haka in ka shiga gona inda sabis sanda ɗaya ne, kashe data. Saƙonnin WhatsApp za su jira ka. Idan ba ka jiran kiran kowa, danna alamar jirgin sama don wayar ta daina neman sabis, ka buɗe in ka tashi hutawa. Manoma da yawa da na sani sun koma ga dabarar da ni ma nake ganin ta fi: babbar waya ta zauna a gida a ɗaki, 'yar ƙarama mai madannai da tocila ita ce ta zuwa gona. Ita ba ta da babbar fuska, ba ta da manhajoji masu aiki a ɓoye, batirinta kuma in ya mutu, canjinsa ba ya tayar da hankali.

In dole sai ka tafi da babbar, saboda dillalan da ke turo farashi ko turin kuɗi ta banki, to ka kula da inda kake ajiye ta. Na san al'adar masu ban ruwa: a ƙulle waya a baƙar leda saboda kada ta jiƙe, a ajiye a kan kunya ko kusa da injin ban ruwa. Baƙar leda a rana tanda ce. Yashin tsakar rana kuwa, wanda ba ka iya takawa ba takalmi, ba wurin ajiyar waya ba ne. Sa ta a jakar yadi mai haske ka rataye a reshen darbejiya ko a cikin bukka, inda iska ke wucewa, ka tuna kuma inuwa tana tafiya, inda ke da inuwa da hantsi rana ce da azahar. A kan babur kada a sa ta ƙarƙashin kujera ko a ɗaure ta a kan hannu tana kallon sama. A motar haya kada a ajiye ta a gaban direba bayan gilashi, wurin nan yana iya haura digiri 60 idan mota ta tsaya a rana. Sannan a cikin rana fuskar waya tana ƙure haskenta don ka iya gani, wannan ma wuta ce mai yawa. Ɗaukar bidiyo mai tsawo a rana, ko kiran bidiyo, ko raba wa wasu data daga wayarka, duk suna cikin ayyukan da suka fi dafa ta.

Mafi muni a cikinsu shi ne amfani da ita tana caji. Matasa sun fi yin wannan: an jona waya, ana kallon TikTok ko ƙwallo, an kwanta a katifa, barci ya ɗauke mutum wayar ta shige ƙarƙashin filo. Katifa da filo ba sa barin zafi ya fita. Ko karatu ko tafsiri kake saurare, sauke shi tun da wuri ka saurara bayan ka zare caja, fuskar wayar a kashe.

Yanzu shawarar abokinka. Kular ƙanƙara dai a'a, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ka ga yadda gorar ruwan sanyi take yin gumi idan aka fito da ita? Haka waya za ta yi, ciki da waje, musamman daga watan Mayu da iska ta fara ɗaukar laima. Raɓar da ta kwanta a kan allon cikin waya tana kawo tsatsa da haɗuwar wuta, gyaran wannan kuwa ya fi canjin batir tsada, wani lokaci ma ba ya gyaruwa. Randa kuma, abokin naka ya kusa gaskiya amma bai kai ba. Randa tana sanyi ne saboda ruwa yana tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, ke nan jikinta a jiƙe yake, bakinta kuma rami ne mai jiran tsautsayi. Wurin da aka girke randa dai yawanci shi ne mafi sanyi a gida, don haka ajiye waya a kusa da ita a kan busasshen faranti ba laifi. Amma ba a kanta ba, ba kuma a kan jiƙaƙƙen yashin gindinta ba. Idan waya ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta a kunci, abin yi ɗan kaɗan ne: zare caja, cire riga, kashe ta, kwantar da ita a kan siminti ko farantin ƙarfe a inuwa, ka yi mata fifita in ka ga dama. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ta dawo daidai. Kuma idan ka ga caji yana tafiyar hawainiya da rana, ko wayar ta rubuto cewa ta dakatar da caji saboda zafi, kada ka zargi caja ka je neman mai ƙarfi. Akwai ma'aunin zafi a jikin batirin, wayar ce take kare kanta da gangan.

Maganar caja ba zan tsawaita ba, araha ba ta ado. Caja ta ƙwarai tana da nauyi a hannu, kuma za ka ga an rubuta a jikinta tana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, shi ya sa take jure hawa da saukar wutar inji. Ta bogi ma tana iya ɗaukar wannan rubutun, amma cikinta fanko ne, duk rawar da inji ya yi sai ta miƙa wa waya. Ka riƙa kai taka cajar shago maimakon a jona maka duk wadda hannu ya kai. Caja mai sauri, irin mai wat 33 ko 45, ba ta da aibi idan ta wayar ce ta asali, sai dai ta fi kawo zafi. A bazara, in ba sauri kake ba, mai wat 10 ta ishe ka, za ta cika batirin da aka rubuta wa 5000mAh cikin kamar awa uku. Ka duba ramin caji ma. Ƙurar hunturu tana cushewa a ciki, bakin igiya ya ƙi zama daidai, wurin ya riƙa zafi har ya yi baƙi. Tsinken sakace busasshe ake sawa a fitar da ita a hankali, waya a kashe, ba allura ba.

Manhajojin nan da ake saukewa masu hoton fanka ko ƙanƙara wai suna sanyaya waya, goge su. Babu fanka a cikin wayarka, talla kawai suke nuna maka suna ƙara mata aiki. Haka zancen wai sai batir ya mutu ƙurmus kafin a sa caji, ko sabuwar waya sai ta kwana a wuta. Wannan dokar tsofaffin batura ce na zamanin da. Na lithium ya fi son a riƙa ɗan ƙara masa, ya yi ta yawo tsakanin 20 da 80 cikin 100.

Wani zai ce ina tsoratarwa. Gaskiya ne yawancin baturan da zafi ya ci mutuwa kawai suke yi shiru, ba sa fashewa. Amma idan siririyar ledar nan ta tsakiya ta huje ko ta narke, fallayen biyu suka haɗu, zafin yana ciyar da kansa ne har sai komai ya ƙone. A 2016 kamfanin Samsung da girmansa sai da ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya ya daina ƙera ta, saboda aibin da aka samu a baturanta ya sa wasu suna kamawa da wuta. Wannan a inda ake da injiniyoyi da ɗakunan gwaji ke nan, balle kumburarren batir a ɗakin da ke da danga da kara a tsakiyar rani. Idan ka taɓa jin waya tana wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ko tana huci, ko hayaƙi ya fara fita, kada ka ɗauke ta da hannu. Ture ta waje da shebur ko fartanya zuwa kan ƙasa, a janye yara, kada a shaƙi hayaƙin, a rufe ta da yashi, a bar ta ta huce da kanta.

Idan ka zo canji, nemi batirin da lambarsa ta yi daidai da ta tsohon. Kada ka yarda da wanda aka rubuta masa ƙarfin da ya ninka na asali alhali girmansu ɗaya, ƙarya ce aka buga a takarda. Ka tsaya a buɗe a gabanka, ka ga an ɗaga tsohon da abin roba ba da tsinin sukundireba ba, kuma a tabbatar ba a bar wani ɗan ƙarfe ko dunƙulen gam a ƙarƙashin sabon ba. Tsohon kuma kada ka kai shi gida yara su yi wasa da shi, kada a jefa shi a juji, tunda jujinmu ko dai a cinna masa wuta ko a kwashe shi a kai gona taki. Ka bar shi wurin mai gyara. Ni gwangwani nake da shi da yashi a ciki, a bayan shago, nan nake tara su. Kafin ka taso, ka kwafe lambobin dillalanka a takarda, ka zare layukanka ka sa a ƙaramar waya, ita kuma babbar ka kawo ta a kashe cikin jakar yadi, ba a aljihun gaban riga ba.